Ruwan Teku a Ɗakin Baba

Baba yana da wani labari guda da ya ishe mu da shi tun muna yara a Nariya. Ko shuka ake yi ko sussuka, da zarar an zauna shan fura sai ya ɗauko shi. Wai yana ɗan ƙaramin yaro iyayensa suka tafi da shi Makka a ƙasa, suna yada zango suna noma suna ƙara gaba, har suka isa Sawakin a bakin Bahar Maliya, suka zauna jiran jirgin ruwa. A nan ne, in ji shi, ya leƙa ruwa ya ga kifaye masu launin atamfa, wani ja, wani rawaya da ratsin baƙi, suna yawo a tsakanin duwatsu masu rassa kamar itatuwa. Mu da iyakar saninmu tarwaɗa da karfasa, sai mu riƙa zungurin juna muna ƙunshe dariya. Inna, mahaifiyarmu, takan ce, "Malam, bara kifin nan rawaya ne, bana kuma ya koma ja?" Sai ya ce mata ai ba ɗaya ba ne. Kullum a kan kifayen labarin yake tsayawa, daga nan sai ya kai ludayi baki. Mun dai san kakarmu ba ta dawo daga wannan tafiya ba, amma ba wanda ya taɓa tambayar inda ta tsaya.

Ni direban babbar mota ne, ina ɗaukar albasa da hatsi daga Rano zuwa Legas. A shekarun da farar hula suka dawo mulki, aka kuma ƙaddamar da shari'a a Kano, Baba ya yanke jiki ya faɗi a gona. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Da aka sallame shi daga asibiti na hana a mayar da shi Nariya, na kawo shi gidana a Rano shi da Inna, na ba su ɗakin da ya fi samun iska.

Likita ya ce jikin zai iya dawowa kaɗan kaɗan, muddin yana cin abinci. To nan fa ake yin ta. Baba ya juya fuskarsa bango. A kawo kunu ya datse haƙora. A yi lallashi, a yi roƙo, da ƙyar ya haɗiyi ludayi ɗaya, sauran ya bi gefen baki. Mutumin da yake saɓa buhun dawa shi kaɗai ya zama in na ɗaga shi zan canja masa shimfiɗa sai in ji kamar damin kara na ɗauka. An yi rubutu, an yi tofi, an yi sadaka. Abokansa sun zo daga Nariya sun cika ɗakin da hira, ko waiwaye bai yi ba. Ina kallon mahaifina yana tafiya da gangan, ni kuma na rasa ta inda zan riƙo shi.

Wata tafiya da na yi Legas, na sauke kaya ina jiran lodi, sai na bi ta wani layi da ake sayar da kayan ƙawata gidajen masu hali. A bakin wani shago na tsaya cak. Akwatin gilashi ne cike da ruwa garau, ga duwatsu masu rassa, ga kifi rawaya da ratsin baƙi yana kaiwa yana komowa. Ashe Baba ba ƙari yake yi mana ba! Na tsaya a wurin hawaye na zuba, mutane suna ratsa ni. A take na ƙudura cewa sai na kai masa kifin nan har gaban gadonsa. In ya gan shi zai juyo, in ya juyo zai ci. Iyakar tunanin da na yi ke nan, kuma ko da wani ya zo da wanda ya fi shi a lokacin ba zan saurare shi ba.

Mai shagon Bayarabe ne, muka haɗa guntun Turancina na tasha da guntuwar Hausarsa ta kasuwa. Na nuna kifin na ce a ɗaure mini. Ya ce ba zai sayar ba. Wai sai na fara kai akwati da ruwan teku da duwatsu, in kunna famfo, in jira ruwan ya nuna, sa'an nan in dawo a yi maganar kifi. Na ce ruwa mangwaro ne da zai nuna? Bai yi dariya ba. Ya buɗe ƙasan akwatinsa ya nuna mini wani ƙaramin akwati, ruwa na gangarowa cikinsa ta tiyo, ya ratsa soso da tsakuwa, famfo ya sake tura shi sama. Ya ce soson yana tare dattin da ido ke gani ne kawai. Wanda ke kashe kifi ido ba ya ganinsa, kuma ba abin da ke cinye shi sai wasu ƙananan halittu da ke zaune a ramukan duwatsun. Su ne ainihin matatar, kuma sai sun hayayyafa. Ya ɗago dutse ɗaya daga cikin baho, jiƙaƙƙe, mai kaushi, ƙarni na tashi daga jikinsa, ya ce wannan dutsen da rai. Kada ya bushe, kada sabulu ya taɓa shi, kada famfo ya daɗe a tsaye. Ruwan zai yi duhu, zai yi muni, in bar shi. In ya ragu in ƙara ruwan daɗi, domin gishiri ba ya tashi sama.

Na ce masa mahaifina ba shi da lokacin jira. Ya ce shi ma kifin ba zai rayu don ina sauri ba. Na ji kamar in shaƙe shi, amma na haɗiye, na ce a naɗe mini duwatsun.

Ruwan kuwa da kaina na je bakin teku na ɗura a jarkoki, na jera su a bayan mota. Muna shigowa ƙasar Kano masu binciken giya suka tsayar da ni, domin a lokacin jarka a bayan mota abin zargi ce.

"Direba, me ke cikin jarkokin nan?"

"Ruwa ne."

"Ruwan me?"

"Ruwan teku."

"Malam, kada ka raina mana hankali."

Babbansu ya sa aka sauke ɗaya, ya shinshina, ya tsoma yatsa ya lasa, ya tofar har da tari. Ya ce wannan ko mashayi ba zai sha ba. Sai ya dube ni ya sassauta murya ya ce, "Na magani ne?" Na ce na magani ne. Ya yi wa mai jiki addu'a, suka buɗe mini hanya.

Na kafa akwatin a kan benci daidai saitin gadon Baba. Na jera duwatsu, na juye ruwa, na haɗa tiyo, na kunna famfo. Wuta a Rano a lokacin sai dai a fastocin 'yan takara, kowanne ya yi alkawarinta, ita kuwa ta zo da hantsi ta tafi kafin azahar. Saboda haka na ciro batirin mota na haɗa da famfon, ina musanya shi da wani. Ga bazara ta kankama, in na tsoma hannu sai in ji ruwan kamar na wankan jego. Na jiƙa buhunan algarara na lulluɓe gefe da gefe kamar yadda ake yi wa randa, na saita fanka a kansa. Maƙwabta suna shigowa dubiya su ga akwati babu kifi, su dubi juna. Na ji wani yana cewa a zaure ciwon uban ya taɓa kan ɗan.

Ruwan ya fara yin fari kamar tsarin kamu, daga baya wata gansakuka mai launin ƙasa ta rufe duwatsun da gilashin. Ƙarni ya cika ɗakin. A cikin wannan halin ne na shigo wata safiya na tarar Baba ya bar bango, fuskarsa tana wajen akwatin. Ranar ya karɓi ludayi uku ko huɗu. Na ce kifin yake jira, kada in bari ya gaji. Da lodi ya samu na kama hanyar Legas.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne Inna. Inna mace ce da ko tsinke ba ya kwana a tsakar gidanta, kwanonta kuwa kana iya ganin fuskarka a ciki. Ga shi a shekarun nan ta shiga Islamiyyar matan aure da tsufanta, kuma duk abin da aka karantar da ita riƙe shi take da hannu biyu. An karantar da su cewa ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya canja ba a tsarki da shi. Tun kafin in tafi take ta jifa da magana. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana, sai dai ta kalli gefe ta ce, "Kai, wannan abu naka ya fara ɗoyi." Na yi mata bayanin halittun da ke cikin dutse, ta ce to. Ashe wannan to ɗin na jiran in juya baya ne.

Na dawo da kifi biyu a cikin leda mai iska, waɗanda na matsa wa mai shagon har ya ba ni, na riƙo su a gaban mota kamar jarirai. Ina shiga gida na hangi duwatsuna a shanye a kan tabarma, rana ta gasa su, sun yi fari fat kamar alli. Soson matata yana rataye a igiyar shanya. A ɗaki gilashi na ƙyalli, an cika shi da ruwan rijiya, an watsa gishirin miya. Turaren wuta na tashi. Inna ta tarbe ni fuskarta a sake, ta ce, "Ka ga yadda ya koma? Da toka da sabulu na bi su ɗaya bayan ɗaya, hannuna har ya saɓule. Yanzu sai ka zuba kifinka a wuri mai tsabta."

Baba kuwa ya koma bango.

Na ajiye ledar kifin a inuwa. Na fita na samu tayar mota na yi ta harbi har yatsan ƙafata ya fashe. Na dawo na zubar da ruwan rijiyar, na juye ragowar na teku, na mayar da matattun duwatsun, na saki kifayen ina addu'a. Suka yi kwana kaɗan suna haki a saman ruwa, launinsu na dusashewa. Baba ko sau ɗaya bai juyo ya gan su ba. Da suka mutu na kwashe su a tafin hannu na binne a bayan gida. Na je tasha wajen masu kiran waya a ƙarƙashin lema na kira mai shagon. Ya ce dutsen da aka wanke ya zama dutsen gini, sai dai a sake daga farko.

Daga farko! Na dubi Baba a ranar, ƙasusuwan wuyansa sun fito, idonsa ya zurma. Likita ya fara maganar a sa masa roba ta hanci. Na san in aka yi haka an gama da shi, domin Baba ba mutumin da zai yafe wannan ba ne. Na koma Legas ba tare da cikakken lodi ba, na sake ɗauko duwatsu da ruwa, ina tuƙi ina roƙon Allah kada in iske an yi shimfiɗa a ƙofar gida.

Na same shi da rai. Na sake haɗa komai, sa'an nan na durƙusa a gaban Inna.

"Inna, don girman Allah kada ki taɓa shi. Dattin nan shi ne aikin."

"Datti ne aiki? A ɗakin da ake salla?"

"Ai malamai sun ce ruwan teku mai tsarki ne."

"Wannan ba teku ba ne, kwata ce a gilashi. Mutum yana kwance ba ya iya kare kansa, ka zo ka ɗora masa wari. In ajali ya zo masa, a cikin wannan ɗoyin mala'iku za su same shi?"

Muryarta ta karye a ƙarshen maganar. Sai na gane ita ma a rikice take kamar ni. Ni ina neman abin da zai tsayar da shi, ita ta riga ta fara gyara masa wurin tafiya. Ba ta yi mini alkawari ba, ni kuma na ajiye mota na zauna gadi. Abokan aiki suna aiko mini da lodi ina mayarwa.

Ruwan ya sake yin fari, ya sake yin ƙasa-ƙasa, ƙarni ya dawo har ya fi na da. Baba ya juyo kuma. Ina zaune a gefensa ina ta yi masa alkawari kamar ɗan takara: Baba, saura kaɗan, kifin yana zuwa, rawayan nan mai ratsi, ka ɗan ƙara haƙuri, ka sha ko ludayi ɗaya. Wani lokaci ya sha, wani lokaci ya rufe ido. Na lura yana buɗe hanci yana jan numfashi mai tsawo, sai hankalina ya tashi, na ce ko Inna ce da gaskiya, warin nan ƙirjinsa yake kamawa.

Wani hantsi na fita kai batir caji. Ban daɗe ba na dawo, na tarar da ita a durƙushe gaban akwatin, bokiti a gefe, toka da sabulu a faranti. Har ta naɗe hannun riga ta ciro dutse ɗaya, ruwa na ɗiga daga jikinsa a kan siminti.

"Inna!"

"Kai, ka fita idona. Na yi haƙuri iya haƙuri. Yau ko numfashi ba ya yi daidai."

"In kin wanke shi wallahi ba ni da ƙarfin sakewa. Shi ma ba zai kai ba."

"Sai in zuba ido warin nan ya ƙarasa shi?"

Na riƙe gefen dutsen, ita ma ta riƙe, muna ja kamar yara. Sai muka ji wani sauti daga kan gado, kamar an ja tsohuwar ƙofa. Muka waiwaya tare. Baba ya ɗago hannunsa mai lafiya, leɓensa na rawa.

"Bar... shi."

Dutsen ya kusa suɓuce mana. Inna ta ce, "Malam?" Ya miƙo hannun wajen dutsen. Ita ce ta rarrafa ta kai masa. Ya jawo shi kusa da fuskarsa, gansakuka na shafar gemunsa, ya shaƙa har ƙirjinsa ya ɗaga. Maganar tana fitowa a karkace, kalma ɗaya sai ya huta, amma mun ji ta sarai.

"Haka... wurin... yake."

Ya sake shaƙa. Hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye.

"Nan... muka bar... Iya."

Iya yake kiran mahaifiyarsa. Sai a lokacin na haɗa abin. A bakin ruwan nan ta rasu suna jiran jirgi, a nan aka binne ta, shi kuma yaro aka ja hannunsa aka ƙetare da shi. Duk shekarun da yake ba mu labarin kifi, a bakin kabarinta yake yanke shi. Ni na yi ta kashe kaina a kan rawaya da ja, alhali shi tun ranar da ƙarnin nan ya shiga ɗakin ya gane inda aka kai shi. Na zauna daɓas a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro.

Inna ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta jira har ya saki dutsen, ta karɓa da hannu biyu ta mayar cikin ruwa daidai inda ta ciro shi. Ta ɗauki bokiti da faranti ta fita da su, ta dawo ta ɗauke kaskon turare shi ma. Sa'an nan ta janyo taga ta rufe, ta ce mini ba tare da ta dube ni ba, "Kama nan mu matsar da gadon." Muka ja shi har ya jingina da bencin. Ta kawo kunu, ta zauna, ta ce, "Malam, sha ka gaya mini yadda take." Ya buɗe baki.

Ba a sa masa robar ba. Ya ga damina, ya ga kaka, maganarsa ta ɗan dawo har yana iya kiran Inna da neman ruwan alwala. Ban sake sayo kifi ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. Famfo dai yana ta aiki a kan duwatsu, ni ina ta jigilar batir da jarkoki. Wata rana na ga gansakuka ta rufe gaban gilashin har ba a ganin ciki, sai na ɗauko tsumma zan ɗan goge masa. Inna tana ba shi fura, ta ajiye ludayi ta buge mini hannu.

"Kai, wa ya aike ka?"